Sikelin Mai Gwangwan

Ni mutum ne da ake kira ya duba saniya. Shekara ashirin da 'yan kai ina dillancin shanu a kara, wato kasuwar shanun Inugu, kuma ba cika baki ba, in na kama gindin wutsiyar sa na matsa, na shafa haƙarƙarinsa, na bubbuga tozo, zan gaya wa mahauci yawan naman da zai fitar. In ya feɗe, kuskurena ba ya wuce abin da za a yi wa yara miya. To wannan gwanin da mahauta ke jira kafin su taya, shi ne ya yi shekara ɗaya da rabi bai san nauyin jikinsa ba, alhali kullum safiya sai ya hau sikeli.

Ƙibata ba rana ɗaya ta zo ba, kuma ban taɓa ɗaukarta matsala ba. A sana'armu tumbi shaida ne. Wa zai damƙa wa ramammen dillali tirelar shanu? Sai a ce ko kansa bai iya kiwatawa ba. Da safe kafin in bar unguwarmu Obiagu sai na ci okpa uku, wannan alalar gurjiyar da matan Ibo ke naɗewa a ganye, in kora da shayi mai kauri. A kara kuwa kowane mahauci da aka yi ciniki da shi sai ya miƙo ɗan abin taɓawa, wannan ƙashin ɓargo, wancan kitsen tozo, kuma ƙin karɓa rashin mutunci ne. Ni kuwa Allah ya yi ni da mutunci ƙwarai. Har ta kai in na ɗaga wa mai okada hannu sai ya dube ni, ya dubi tayarsa ta baya, ya tuna yana da uzuri a wani wuri.

Jiri ne da yawan fitsari suka kai ni asibiti. Likitar wata 'yar siririyar mata ce 'yar Ibo, wadda da hannu ɗaya zan iya ɗaga ta. Ta ɗora ni a sikeli, kilo ɗari da goma sha takwas. Ta duba jinina ta ce suga ne. Sannan ta tambaya ko akwai mai shi a danginmu.

Akwai. Mahaifina mahauci ne a Anacha. Tsinin ƙashi ya soke shi a yatsan ƙafa a mayanka, ɗan ciwon da ko yaro ba zai yi kuka a kansa ba, bai ma ji lokacin da ya soke shi ba. Aka cire yatsan. Aka cire tafin ƙafar. Daga baya aka yanke daga gwiwa. Mu kuwa ba ma barin gaɓar mutum a asibiti, binne ta ake yi. Ni ne babban ɗa, ni aka miƙa wa ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle, na rungume ta na kai maƙabarta. Da na dawo yana kwance, abin da ya fara tambayata shi ne ko an rufe ta da kyau. Bai cika shekara ba ya bi ta. Hannuna bai iya mance nauyin abu ba, sana'ata ce, saboda haka har yau na san nauyin ƙafar nan.

Ban gaya wa likita wannan duka ba. Na dai ce e, akwai. Ta ce in rage ƙiba ko in bi sahu, kuma ta faɗa ne kamar mai gaya mini kuɗin mota.

Na rage. Na bar okpa, na bar madara, na koma tuwon da bai fi dunƙulen hannu ba da ganye tuli. Na riƙa tafiya kara a ƙafa. Cikin shekara guda na sauko tamanin da takwas, sugan ya kwanta, na soma ganin yatsun ƙafata ba tare da na leƙa ba.

Kada a tambaye ni murnar da jama'a suka yi. Mata suka riƙa shigowa gida suna yi wa matata sannu da jinya. A masallaci aka sa ni cikin addu'ar marasa lafiya ina zaune a sahun gaba. Wasu suka ce shanun mutane ne suka mutu a hannuna, wasu suka ce ciwon nan ne da ba a kiran sunansa. Wani dattijo ya kawo mini rubutu a galan, ya ce in sha da zuma, wallahi da zuma. 'Yan uwana dillalai kuma, 'yan albarka, kowace safiya sai wani ya kama gefen cikina ya matsa kamar yadda muke yi wa shanu, ya girgiza kai ya ce, "Kai, wannan ko rabin kuɗinsa ba zai mayar ba."

Duk wannan ban damu ba. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne sauke ƙiba wasa ne, zama ba ita shi ne aikin. Likita ta ce da yawa sukan dawo inda suka fito, wasu har da ƙari. Tun daga ranar tsoro ya shige ni. In na ci loma ɗaya fiye da ƙa'ida sai in ji ta tana neman wurin zama a ƙuguna. In wani ya ce na yi kyau sai gabana ya faɗi, don na san abin da kyau ke nufi a bakin mutanenmu.

Ga kuma kayan da muke sawa, waɗanda ba a yi su don faɗin gaskiya ba. Maƙwabcina ɗan Ibo in ya ƙara kilo biyu bel ɗinsa zai gaya masa, ramin zai ƙi kaiwa. Ni kuwa wandona zariya ce, ko buhun gero aka zuba a ciki za ta ɗaure shi lafiya lau. Babbar riga kuma za ta rufe ni da tumbina da wani mutum guda a gefe. Dole in nemi sikeli.

A hanyata ta zuwa kara akwai rumfar wani abokina mai sayen gwangwan, wato tsofaffin ƙarafa da dalma da ruɓaɓɓen kwano. Tare muka taso a Anacha, gidanmu da nasu katanga ɗaya. Yana da ƙaton sikeli mai faffaɗan ƙarfe a ƙasa da fuska kamar agogo. Nan na mayar wurin awona. Kullum in zo, mu gaisa, in cire takalmi, in cire hula, in zazzage aljihu, in miƙa masa waya da carbi, sannan in hau inda aka sauke tsohon inji ɗazu. Masu kawo kaya a baro su tsaya suna jira a gama auna Alhaji. Wani ya taɓa tambayar mutumina nawa yake sayen kilo na irin wannan.

Wata biyu allurar sikelin tana kan tamanin da takwas. Sai wata Laraba ta nuna casa'in.

Abin da na yi a kwana ukun da suka biyo baya ba abin alfahari ba ne. Na daina cin komai sai ruwan zafi da kokwamba. Na shiga kicin, inda tun aurenmu ban taɓa shiga ba, na ɗaura zare a jikin kwalbar man gyaɗa don in ga inda yake sauka. Na ce wa matata tana zuba mini mai a ɓoye, na faɗa da ƙarfi har maƙwabta suka ji, na ce in gajiya ta yi da ni ta faɗa, ba sai ta kashe ni da cokali ba. Matar da ta shekara tana dafa tukunya biyu saboda ni. Ƙaramar 'yarmu ta zo da ƙuli-ƙuli a hannu za ta hau cinyata na daka mata tsawar da ta sa ta saki fitsari. A rana ta uku ina tsakiyar ciniki jiri ya ɗebe ni na faɗi cikin kashin shanu, da farar shadda, a gaban mahauta.

Washegari na hau sikeli. Tamanin da takwas. Na ce alhamdulillahi, azaba ta yi rana.

Daga nan kuma sai mu'ujiza ta sauka. Sati ya wuce, tamanin da takwas. Wata ya wuce, tamanin da takwas. Wata rana ƙamshi ya rinjaye ni na ci tsire tsinke ɗaya, na zo da safe na hau, allura ba ta motsa ba. Na gwada okpa guda. Shiru. Na gwada biyu. Na mayar da madara cikin shayi, kaɗan dai, don launi. Babbar Sallah ta zo na ci soyayyen nama kwana huɗu a jere, na hau, tamanin da takwas daram. Sai na gane ashe ni jikina daban ne, ya saba, ya kulle. Har wa'azi na fara yi wa masu tumbi a kara. In zaunar da mutum in ce masa sirrin shi ne horo, in ka hori jiki sau ɗaya shi ke nan. Ina faɗa ina tsotsar ɓargo.

Tsoron dai bai tafi ba, kar in yi ƙarya. Kowace safiya kafin allura ta tsaya sai na riƙe numfashi. Amma da ta tsaya sai in samu lasisin wuni guda. Tafiyar ƙafa ta koma hawan keke napep, don gwiwa ta soma ɗan ciwo. Asibiti kuwa na daina zuwa, me lafiyayye zai je yi? Zoben azurfata ya matse, na ce zafi ne ke kumbura yatsu.

Shekara ɗaya da rabi ana haka, sai 'yar yayata ta haihu a Fatakwal, na tafi suna. Yayata tana zaune a unguwar Borokiri, ɗaki biyu a bakin ruwa, ita ta goye ni ina jariri kuma har yau kallon jaririn take yi mini. Rabon da ta gan ni tun ina a rame. Ina shiga tsakar gida ta saki muciya ta tafa hannu.

"Alhamdulillahi! Ɗan'uwana ya dawo! Kai, ka murmure, ka ciko, ga wuya ya fito. Wancan karon da na gan ka kwana na yi ina kuka."

Na ce, "Yaya, ai ina nan yadda nake. Ko kilo ɗaya ban ƙara ba."

"To Allah ya ƙara maka irin wannan rashin ƙarin," in ji ta. Ta juya ta ƙwala wa matan da ke girki kira su zo su ga yadda Allah ya tashi kafaɗata. Suka zo kuwa, suna ta barka. Shinkafar sunan nan ban iya cinta ba.

A dawowa na biyo ta Anacha, don akwai tirelar shanu da zan tara daga Arewa. Na sauka a tashar Upper Iweka da hantsi, direba ya bugo waya ya ce cunkoso ya riƙe shi. Ina tsaye cikin hayaƙi da ihun 'yan kamasho sai na ga wata mata a gefen titi da ɗan sikelin banɗaki a kan kwali, tana auna masu wucewa. Na ce bari in hau in wanke maganar Yaya daga raina. Na cire takalmi, na cire hula.

Ɗari da ɗaya.

Na sauka na sake hawa. Na ce mata sikelinta ya lalace. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Oga, na your body." Wato jikina ne, ba sikelinta ba. Na ce ni da nake auna kaina kullum za ta gaya wa? Na wuce fuu zuwa wurin masu lodin kaya a manyan motoci, na roƙi arziki na hau sikelin da suke auna buhuna. Ɗari da biyu. Har da ribar kilo guda saboda gardama.

Ban san yadda na karɓi shanun nan ba. A mota zuwa Inugu na sa hannu cikin riga na kama gefen cikina na matsa, yadda zan yi wa sa, abin da rabona da yi wa kaina tun ina ramamme. Hannuna ya gaya mini nan take. Da ma ya sani, ni ne ban tambaye shi ba.

Da safe ban bi hanyar da na saba ba. Na zagaya ta bayan rumfar mai gwangwan, ban yi sallama ba, ban cire komai ba, na yi tsalle na hau. Mutumina yana shan koko, ya miƙe har yana zubarwa. Allura ta tafi casa'in da bakwai.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ya ajiye kofin, ya goge hannu a riga, ya ce, "Ina kwana, Alhaji."

"Ban kwana ba. Jiya ɗari da ɗaya, yau casa'in da bakwai, shekaranjiya tamanin da takwas. Mutum nawa ne ni?"

Ya ce, "Ɗari da ɗayan ce taka. Huɗun nan da ka ga sun ɓace, wannan cin sikeli ne na yau da kullum, kowa haka yake samu. Haba Alhaji, kai fa ɗan kasuwa ne. Tun yaushe sikelin mai saye ya zama abin rantsuwa?"

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Yaron goye a kasuwa ya san sikelin mai saye ragewa yake yi. Ni da na ƙi yarda da sikelin kowane mahauci shekara ashirin, na ɗauki raina na ɗora a kan na mai gwangwan, saboda kawai yana faɗa mini abin da nake son ji.

Na ce, "Sauran taran fa?"

Ya zagaya bayan sikelin ya nuna mini wani ɗan noti. Ya ce kullum in ya hango hulata daga kwanar titi sai ya murɗa, in na tafi ya mayar. Da farko rabin juyi ne. Daga baya ya zama sai ya dube ni daga nesa ya ƙiyasta, har ya ƙware, ya ce shi ma yanzu zai iya dillancin shanu. "Wallahi notin ma ya kusa ƙarewa," in ji shi. "Da ma ina ta tunanin yadda zan yi da kai bayan Sallah mai zuwa."

Na zage shi, zagin da tun muna yara ban yi masa ba. Ya bari na gama sannan ya ce ba shi ya ƙirƙiro ba. Ranar da na faɗi a kara, matata ce ta sa hijabi ta zo rumfar nan da ƙafarta, ta durƙusa ta ce ya dubi girman Allah ya mayar mini da kilo biyun nan, gidanta ya zama gidan makoki. Kilo biyu ta roƙa. Sauran shi ya ci gaba, don ya ce duk ranar da ya yi niyyar bari sai ya tuna fuskata a waccan Larabar.

Na koma gida da rana tsaka, abin da ban saba ba. Matata tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na ce mata na je wurin mai gwangwan kuma ya faɗa mini komai. Na zaci za ta firgita. Ko tiren ba ta ajiye ba.

"Na je," ta ce. "Kuma da za a mayar da ranar zan sake zuwa. Baban yara, kai ba ka ga kanka ba. Yarinyar nan sati biyu in ta ji sallamarka sai ta shige bayan ƙofa. Zare ka ɗaura mini a kwalba kamar ɓarauniya. Ni na ga miji mai ƙiba, na zauna da shi shekara goma sha biyar lafiya. Wancan ramammen ne ban san shi ba. Kilo biyu, don Allah, kilo biyu me za su yi maka?"

Nan na gane ba ta sani ba. Bayan rasuwar mahaifina aka yi aurenmu, abin da kawai ta ji shi ne ya yi jinya ya rasu. Ban taɓa gaya mata ba, ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Yaya ba ta san ni na kai ƙafar maƙabarta ba. Na zauna a kan turmi na faɗa mata. Tsinin ƙashin, da yatsan, da farin ƙyallen, da yadda na riƙe ta a ƙirji a bayan mota don kada ta bugu, kamar mai shi zai ji zafi. Na ce mata ba ƙiba nake tsoro ba, tsoro nake kada wata rana a miƙa wa ɗanmu irin wannan ƙunshin.

Kaji suka zo suna cin shinkafar a tire ba ta kore su ba. Can ta ce, "Shekara goma sha bakwai, kuma sai ka bar ni ina zaton son gayu ne."

Tare muka koma asibiti. Likitar nan ba ta ƙara ko kilo ɗaya ba, Allah ya isa. Ta duba jini, sugan ya tashi fiye da farkon zuwana. Ta sa na cire takalmi, ta ɗauko wani siririn abu kamar gashin tsintsiya tana taɓa tafin ƙafata, ta ce in rufe ido in faɗi inda na ji. Na dama lafiya. A hagu ta ce, "Nan fa?" Na ce ina jira ta taɓa. Ashe ta riga ta taɓa babban yatsan sau uku. Ta ce daga yau kullum a duba ƙafafun nan, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, don ciwo zai iya shiga ban sani ba.

Yanzu shekara biyu ke nan. Na sayi sikelina, yana ƙarƙashin gado, ba shi da noti a baya, na duba. Ina casa'in da uku, wani watan da huɗu, tamanin da takwas kuwa har yau ban sake ganinta ba. Na koma tafiyar ƙafa. Ina bi ta gaban mai gwangwan mu gaisa, ya ce in hau kyauta, in ce Allah ya kiyashe ni da alherinsa. A kara an koma yi mini sannu da jiki. Tsoron yana nan, tare muke karyawa, sai dai na daina sauke shi a kan mutanen gida.

Dubin ƙafa kuwa matata ta karɓe shi, ta ce ba ta yarda da awona ba, kuma ba ni da bakin musu. Kowace safiya in na dawo masallaci sai ta shimfiɗa zani a cinya ta ɗora ƙafafuna, ta buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa a fili, ta shafa dunduniya, ta matsa nan ta matsa can. Nakan ce mata in ta gama ta taya, a yi ciniki. Ba ta dariya.

Yau da safe ta kama babban yatsan hagu ta matsa da farce ta ce, "Ka ji?"

Na ce na ji.

Ta ɗago ta dube ni. "Baban yara, ni ba mai gwangwan ba ce."

Na ce ban ji ba.

Ta riƙe yatsan a tafin hannunta ta ɗan jima, sannan ta ci gaba da ƙirga. Goma ne.